A Yi Shawara Da Manomi Kafin A Saki

'Yan'uwa manoma, ba mu manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar tumatir, wadda muke kira sharon, ta cinye lambuna a Kano da Kaduna. A shekarar nan kuma aka fara ganin tsutsar masara a Nijeriya. Dukansu baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito. Mun yi ta feshi har aljihu ya bushe, amma ba su ƙare ba.

Yanzu masana sun fito da wata dabara, wadda za mu kira gadon tilas. Bisa ga al'ada, in uba yana da wani hali a jininsa, wajen rabin 'ya'yansa ne ke gadonsa. Su kuwa sukan gyara ƙwayar halitta har kusan dukan 'ya'ya su gada. In halin nan shi ne rashin haihuwar mata, sannu a hankali zuriyar ta ƙare. A 2018 an gwada wa sauro cikin keji a Landan, ya ƙare ƙaf. A 2022 masana a Ostareliya sun nuna za a iya yi wa ɓera. Har zuwa 2025 ba a saki irin wannan a fili ba ko'ina a duniya.

Ba mu ƙi ilimi ba. Tun 1981 masanan IITA ta Ibadan suka saki wani ɗan zanzaro da ya ceci rogon Afirka daga ƙwaron da ke cinye shi. Amma sai da suka bincike shi sarai. A Ostareliya kuwa, a 1935 an kai kwaɗi don su cinye ƙwarin rake, sai kwaɗin suka zama annoba.

Gadon tilas zarar bunu ne, in ya fita ba ya komowa. A nan Ungogo gona na jikin gona, rumbu kusa da rumbu. Abin da aka saka a bakin Jakara ba zai tsaya a iyakar kowa ba, ba zai nemi izini ba kafin ya shiga Nijar. Allah ya ba mu ƙasa amana, mu nome ta, mu kuma kiyaye ta. Mai riƙon amana ba ya caca da ita.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na fari, a fara gwaji a tsibiri, inda ruwa ya kewaye. Na biyu, a taɓa baƙin ƙwari kaɗai. Gafiya da jan baki suna yi mana ɓarna, amma 'yan ƙasa ne, akwai halittun da ke rayuwa da su. Na uku, a zauna da manoma, maza da mata, Kirista da Musulmi, a gaban mai unguwa, a yi bayani da Hausa. Tun 2019 dokar Nijeriya ta sa wannan dabara a ƙarƙashin hukumar NBMA. Takardar hukuma kaɗai ba ta isa ba. A Burkina Faso, a watan Agusta 2025, gwamnati ta tsai da aikin Target Malaria bayan sakin sauron da aka canja wa gado, ko da yake ba na tilas ba ne.

Kafin nan, mu ƙone karmamin tumatir bayan girbi, mu riƙa sauya shuka, mu duba zuciyar masara da sassafe, mu toshe ramukan rumbu.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.