Ƙasar Sin Bayan Shekarun Gine-gine: Me Ɗan Kasuwar Iyaka Zai Sa Rai Da Shi?

Duk wanda ya zaga kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni, ko ya tsallaka Jibiya da Illela ranar da kasuwa ke ci, zai tarar mafi yawan hajar da ke cikin shaguna daga ƙasar Sin ta fito: atamfa, takalman roba, tocila, wayar salula, babur da kayan gyaransa, har da faifan sola. Saboda haka halin da Sinawa suke ciki a gidajensu ya shafi jarin ɗan kasuwa kai tsaye. Kuma abin da ke faruwa a can shi ne, gine-ginen da suka ɗauki tattalin arzikin ƙasar shekara da shekaru sun ja baya, hukumomi kuma sun koma dogara ga masana'antu da fitar da kaya waje.

A shekarar 1978, lokacin da Deng Xiaoping ya fara buɗe tattalin arzikin ƙasar, waɗanda ke zaune a birane ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. A 2011 mutanen birni suka fi na karkara yawa a karon farko, zuwa 2024 kuwa sun kai kashi 67 cikin 100, wato mutum sama da miliyan 900. Birnin Shenzen ya isa misali. A 1980 aka keɓe shi a matsayin yankin kasuwanci na musamman, lokacin yana ƙaramin gari kusa da Hong Kong, amma ƙidayar 2020 ta tarar da mutum fiye da miliyan 17 a cikinsa. A nan ne hedkwatar kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel take.

Ta yaya aka sami kuɗin gina waɗannan birane? A ƙasar Sin filin birni na gwamnati ne. Hukumar gari sai ta sayar wa kamfanonin gini izinin amfani da fili, na gidan zama shekara 70, ta ɗauki kuɗin ta yi hanyoyi da gadoji da magudanan ruwa. Da hanya ta iso sai filin da ke kusa ya ƙara daraja, a sake sayarwa, a sake gini. Tun 1998 gwamnati ta daina raba wa ma'aikata gidaje, don haka kowa ya shiga neman nasa, akasari kuma ana biyan kuɗin gida tun kafin a gina shi. Kamfani ya karɓi kuɗin jama'a, ya haɗa da bashin banki, ya sayi wani filin. Muddin farashin gida na hawa, kowa na cin riba.

Da rikicin kuɗi ya girgiza duniya a 2008, gwamnatin Bejin ta ware yuan biliyan 4,000 don kada ayyuka su tsaya, kuma mafi yawansu gini aka zuba su. A shekarar aka buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun gaske tsakanin Bejin da Tianjin. Zuwa ƙarshen 2023 irin wannan layi ya kai kilomita 45,000, fiye da na sauran ƙasashen duniya gaba ɗaya. Madatsar ruwan da aka gina a kogin Yangtze tana iya ba da megawat 22,500 na lantarki, ko da yake sai da aka tayar da mutum fiye da miliyan ɗaya daga gidajensu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa cikin shekara 40 mutum kusan miliyan 800 suka fita daga ƙangin talauci. Wannan nasara ce da ba mai musun ta.

To amma waɗanda suka ɗora bulon ba duka suka ci gajiyar birnin ba. Akwai ƴan ci-rani kusan miliyan 300 da suka bar gona zuwa masana'antu da wuraren gini. Ƙasar tana da wani tsarin rajistar iyali mai suna hukou, wanda ke ɗaure haƙƙin mutum da garin da aka yi masa rajista. Ɗan ƙauye zai iya shafe shekara 20 yana aiki a Gwanzu, amma makarantar gwamnati ga ɗansa, da rangwamen asibiti, da cikakken fansho, su yi masa wuyar samu. A ƙidayar 2020 kusan kashi 64 cikin 100 ne ke zaune a birni, masu rajistar birni kuwa kashi 45 ne kawai. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya sakin kuɗi. Tarawa yake yi saboda ciwo da tsufa.

A watan Agustan 2020 gwamnati ta ga bashin kamfanonin gini ya wuce kima, sai ta kafa musu iyaka. Nan take asiri ya fara tonuwa. Evergrande, ɗaya daga cikin mafiya girma, ya kasa biyan bashi a ƙarshen 2021 alhali ana bin sa fiye da dala biliyan 300, a Janairun 2024 kuma kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a sayar da kadarorinsa. Country Garden ma ya kasa biya a 2023. A 2022 dubban mutanen da suka biya kuɗin gidajen da ba a gama ba suka ce ba za su ci gaba da biyan banki ba sai an miƙa musu makulli. Hukumomin garuruwa da suka dogara da kuɗin fili su ma bashi ya danne su, har a Nuwamban 2024 gwamnatin tsakiya ta fito da shirin yuan biliyan 10,000 don sassauta musu.

Iyalin Sinawa akasari a gida suka adana dukiyarsu, kamar yadda makiyayi ke adana tasa a garke. Da farashin gida ya sauka, sai mai gida ya ji ya tsiyace ko da albashinsa bai ragu ba, ya ɗage sayen mota, ya rage kashe kuɗi. Ga kuma matasa: a Yunin 2023 rashin aiki tsakanin ƴan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin 100, har hukuma ta dakatar da fitar da alƙaluman na wasu watanni. Bugu da ƙari, jama'ar ƙasar ta fara raguwa. A 2022 ta ragu da mutum 850,000, karo na farko tun 1961, a 2023 kuma da sama da miliyan 2. An soke dokar haihuwar ɗa ɗaya tun 2016, an ba da damar uku a 2021, amma haihuwa ba ta farfaɗo ba. Daga Janairun 2025 aka fara ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali, na maza daga 60 zuwa 63. Ƙasar da matasanta ke raguwa ba za ta buƙaci sababbin gidaje kamar da ba.

Wannan ba ya nufin Sin ta durƙushe. Tattalin arzikinta shi ne na biyu a duniya, kuma ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 a 2024, ko da yake hakan rabin abin da aka saba gani ne a shekarun baya. Abin da hukumomi suka yi shi ne karkatar da kuɗin banki zuwa masana'antu, musamman motoci masu lantarki da batura da faifan sola. Masana'antu suna ƙera fiye da abin da ƴan ƙasa ke saye, shi ya sa daga Oktoban 2022 aka shafe fiye da shekara uku farashin kaya a bakin masana'anta yana sauka. Ragowar sai waje. A 2024 abin da Sin ta fitar ya ɗara abin da ta shigo da shi da kusan dala biliyan 1,000, a 2025 kuma ya haura haka. Da yake Amurka ta lafta wa kayan Sin haraji tun 2018, ta kuma ƙara a 2025, dole masu masana'antu su nemi kasuwa a Asiya da Afirka.

A nan ne maganar ta zo ƙofar shagonmu. Na farko, kayan Caina za su ci gaba da kwarara, kuma da araha. Amma arahar tana da haɗari ga mai tara kaya. Wanda ya cika sito da waya ko faifan sola yana jiran farashi ya hau, zai iya wayar gari ya ga maƙwabcinsa ya sauke sabon samfuri a ƙasa da kuɗin da shi ya saro. A irin wannan kasuwa saurin juya jari ya fi yawan kaya amfani. Kuma ragin da aka samu a Gwanzu ko Yiwu ba duka yake isowa ba: kuɗin jirgin ruwa da na duwan da canji suna cinye wani ɓangare. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya tilasta kaya da yawa bin ta Lome, faɗuwar naira daga Yunin shekarar kuma ta sauya lissafin duk mai saye da sefa ya sayar da naira.

Na biyu, gasar za ta tsananta. Mai masana'antar da kaya suka yi masa kwantai ba zai jira alhaji ya je ya saro ba, zai turo wakilinsa ko ya nemi mai saye ta waya. Ƴan Kantin Kwari a Kano sun daɗe suna kokawa da haka, kuma kowa ya san yadda masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya bayan da atamfa mai araha ta cika kasuwa. Dillalin da ba ya ƙara komai a kan kaya, shi za a fara tsallakewa. Wanda zai ɗore shi ne mai abokan ciniki da suka amince da shi, wanda ya san mai kyau da jabu, yake kuma da kayan gyara.

Na uku, kada a sa ran manyan ayyuka su zo da yawa kamar da. Kuɗin Sin da kamfanoninta sun taka rawa a matatar man Damagaram da gada ta biyu ta Yamai a 2011, da layin dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, da bututun man da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Amma bashin da Sin ke bai wa Afirka ya kai ƙololuwa a 2016, sama da dala biliyan 28, daga nan ya yi ƙasa sosai. Wanda bashi ya danne a gida yana auna abin da zai ranta wa na waje.

Na huɗu, akwai ƙofa ta wajen sayarwa. Mutum miliyan 900 na birni dole su ci, kuma Sin tana cikin manyan masu sayen riɗi a duniya, har daga Nijar. Daga Disamban 2024 ta cire haraji a kan kayan ƙasashen Afirka 33 masu ƙaramin ƙarfi, Nijar da Cadi na ciki. Sai dai a lura da abin da ake sayarwa. Neman fatar jaki don haɗa magani a Sin ya so ya ƙarar da jakuna, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a 2024. Riɗi ana shuka shi kowace damina. Jakin da ke ɗebo wa gida ruwa in ya tafi sai an yi shekaru.

Abin da za a zuba wa ido shi ne ko gwamnatin Bejin za ta bai wa ƴan ci-rani cikakken haƙƙin birni, ta inganta fansho da asibiti, yadda talaka zai saki jiki ya kashe kuɗinsa a gida. In ta yi haka, kwararar kaya zuwa waje za ta lafa, buƙatar amfanin gonarmu ta ƙaru. In ba ta yi ba, kwantena za ta ci gaba da sauka, riba a kan kowace haja kuma tana ƙara tsukewa. Kafin lokacin, ɗan kasuwa ya saro daidai abin da zai iya sayarwa, ya guji cin bashi don tara kaya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.