Shawarar Wata: Gilashin Ɗaukar Hoton Rago Cikin Rumfa

In Layya ta gabato, masu kiwo na Tawa da Abalak suna aika hoton raguna ta WhatsApp zuwa ga masu saye a Yamai da Ƙwanni. Mummunan hoto yana karya kuɗin rago.

Cikin rumfa haske kaɗan ne, bisa kuma ba ta tsayawa wuri guda. Saboda haka mai kamara ya zaɓi gilashi na milimita 50 mai lamba f/1.8. Hasken da yake sha ya kusa ninki huɗu na mai lamba f/3.5. Hoto zai ɗauku da sauri, ba sai an kunna wutar kamara ta firgita bisa ba.

Gilashi mai faɗin gani, kamar na milimita 18, in an matso da shi kusa, yana kumbura kan rago, ya tsuke masa jiki. Sai balami ƙosasshe ya fito kamar ramamme. Kamarar salula ma haka take yi.

Ga magani: a ja baya taki huɗu, a durƙusa daidai tsayin ragon, a ɗauke shi ta gefe, hasken ƙofa yana bayan mai ɗauka. Ta haka mai saye zai ga abin da zai biya.