Bazara da Dukiyar Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Bahaushe ya raba shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara, kuma kowane lokaci da irin jarrabawar da yake zo wa ɗan kasuwa da ita. A ganina babu wanda ya kai bazara haɗari ga mai ƙaramin jari. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, ga shi iskar hunturu ta riga ta busar da katako da buhu da kwali, sun zama tamkar makamashi mai jiran ashana.

Tarihin kasuwanninmu shaida ne. A watan Maris na 1982 Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone, aka ɗauki shekaru kafin a sake gina ta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, haka kuma a watan Maris na 2021 Babbar Kasuwar Katsina ta gamu da irin wannan ibtila'i. Attajiri yana iya farfaɗowa domin yana da kaya a wani sito. Mai tireda da mai kyamis da tela, waɗanda jarinsu duka ke cikin ɗaki ɗaya, su ne kan wayi gari ba su da ko na cefane.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda muke ba da labarin irin wannan asara. Mukan ce "gobara ta tashi" ko "wuta ta kama". Mai nazarin jimla zai lura cewa wutar ce aikau, babu hannun mutum ko kaɗan a cikin zancen. Idan aka je jaje sai a ce "Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba", wanda addu'a ce mai kyau da ba wanda zai ƙi ta. Sai dai da wuya ka ji an tambayi wanda ya bar dutsen guga a jone. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai kamata ya zama mayafin da sakaci zai ɓuya a ciki ba.

Sanadin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da zafi ya tsananta, kowane shago sai ya kunna fanka da firji, wani har da na'urar sanyaya ɗaki, duka a kan siririyar waya da aka ja tun asali don ƙwan fitila ɗaya. Wayar ta ɗauki zafi, robar jikinta ta narke. Sau da yawa ana ɗauke wuta da rana, mai shago ya kulle ya tafi bai kashe komai ba, a kawo ta da ƙarfi cikin dare lokacin da babu kowa sai maigadi. Ga kuma janareta da ake zuba wa fetur yana da zafi, da jarkar man da aka ajiye a lungu tana fitar da tururi. Maganin waɗannan bai kai kuɗin buhun sukari ba: a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin Maris, a kashe babban makunni duk yamma, a fitar da fetur daga shago, a ajiye bokitin yashi kusa da ƙofa, domin ruwa ƙara yaɗa wutar fetur yake yi.

Akwai kuma asarar da ba ta da hayaƙi. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu cewa kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30, amma sai ka tarar da su jere a shagon kwano mara silin. Mai sayar da irin wannan magani ya cuci kansa, ya cuci mara lafiya.

Wani abin da ake mantawa da shi shi ne littafin bashi. Yawancin ƙananan 'yan kasuwa a cikin shago suke barinsa tare da cinikin ranar, ta yadda idan wuta ta ci kaya sai ta haɗa da shaidar abin da suke bin mutane. Kwafe shi a wani littafi a ajiye a gida aikin rabin sa'a ne.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne buɗe hanya. Tebura da rumfuna sun cinye titunan cikin kasuwanni, har motar 'yan kwana-kwana kan iso bakin ƙofa ta rasa ta inda za ta shiga. Wannan nauyi ne na shugabannin kasuwa da ƙananan hukumomi, waɗanda ke karɓar kuɗin tebur daga masu tare hanyar. Ɗalibin da zai fita koyarwa ya sani cewa da yawa daga cikin yaran ajinsa su ne ke kulle shagon iyayensu bayan sallar magariba, su ne kuma hannun da zai kashe makunnin ko ya bar shi a kunne.