RA'AYINMU: Baƙo Raɓa Ne?

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma duk wanda ya san tarihin kasuwancin ƙasar Kano ya san akwai baƙon da ya zo ya kafu har ya yi wa 'yan gari inuwa. Misali mafi kusa da mu yana nan Bebeji, maƙwabciyar Kiru, inda aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a shekarar 1877.

Alhassan Ba'agale ne, watau zuriyar fataken da kakanninsu suka gangaro daga arewa suka zauna a ƙasar Kano. Ya tashi maraya a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ya ci sunanta. Da ya kawo ƙarfi sai ya bi hanyar Gwanja fataucin goro, ya zauna a Ankara, ƙasar Gana ta yanzu, inda shi ma aka kira shi baƙo. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Bayan da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 ya shiga sayen gyaɗa, yana ba yaransa jari suna kutsawa ƙauyuka. Da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ce kayan raƙumi 20 na tsabar azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma.

Dukiyar nan kuwa ba ta tsaya a gida ɗaya ba. Malamai da alhazai da talakawa sun ci moriyarta, kuma 'ya'yansa, Sanusi da Aminu, sun ɗora a kan haka. Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025, shi ne ya gina wa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sashen wankin ƙoda. Aliko Ɗangote ma jikan Sanusi ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A ƙasashen Turawa ma haka abin yake. George Soros, haifaffen ƙasar Hangari a 1930, ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1947, daga nan ya wuce Amurka a 1956. Sana'arsa ita ce karɓar kuɗin attajirai yana juya musu a kasuwar hannun jari da ta canji. A 1992 ya ci ribar kimanin dala biliyan 1 sa'ad da darajar fam ɗin Ingila ta faɗi, kuma ya zuba fiye da dala biliyan 30 a gidauniyarsa. Da yawa daga cikinmu ba za su yarda da hanyar samunsa ko manufofin gidauniyarsa ba, suna kuwa da hujja. Abin lura dai shi ne, da Amurka ta rufe masa ƙofa, da wata ƙasa ce ta ci amfaninsa.

To, ina muka dosa? 'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne za mu zauna a teburan ƙananan hukumomi da ma'aikatu. A gabanmu za a ajiye takardar yaron da aka haifa a Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ya yi firamare a nan, ubansa ya biya haraji a nan, amma a ce ba ɗan ƙasa ba ne don kakansa ya zo daga wani wuri. Da wannan hujja ake hana shi takardar shaidar asali, da gurbin karatu, da tallafin gwamnati. Da an auna Agalawa da wannan mudu, da Kano ba ta san Ɗantata ba.

Mun kuma ga inda ƙyamar baƙo take kaiwa. A 1969 Gana ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa; a 1983 Nijeriya ta kori nata, akasarinsu 'yan Gana. Babu ƙasar da ta yi arziki da wannan kora.

Saboda haka muna kira ga hukumomi su mai da haihuwa da daɗewar zama su zama ma'aunin ɗan gari. Kafin a kai ga haka, duk ma'aikacin da takardar irin wannan yaro ta zo hannunsa, ya tuna da marayan Bebeji, ya yi adalci. Allah Ya sa mu dace, amin.