Filin Shan Iska: Darasin Abuja Ga Jega, Aliero Da Maiyama

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya shiga Abuja zai ga itatuwa a gefen tituna da filayen da aka bari ba a gina ba. Wannan ba tsautsayi ba ne, tun kafin a aza tubali aka zana su a takarda.

Bayan Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, sai aka ba wani rukunin kamfanonin Amurka aikin zana taswirar birnin, suka miƙa ta a 1979. A cikinsu akwai kamfanin Wallace, McHarg, Roberts da Todd, masanan tsara filaye da lambuna. Ra'ayin Ian McHarg shi ne a fara duba duwatsu da kwazazzabai da hanyar ruwa, sa'an nan a san inda gini zai zauna. Saboda haka aka bar bakin rafuffukan Abuja don shuka da shan iska. Daga baya aka samu Lambun Millennium, wanda Manfredi Nicoletti na Italiya ya tsara, Sarauniyar Ingila ta buɗe shi a watan Disamba na 2003.

Amma fa takarda ba ta tsare fili. Da gwamnati ta tare a 1991, sai aka yi ta yanka waɗansu wuraren shan iska ana rabawa, har sai da Ministan Abuja, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya yi ta rusau tsakanin 2003 da 2007.

A nan ne garuruwanmu na Jihar Kebbi za su karkaɗe kunne. Kasuwar Jega tana ta jawo baƙi. Aliero kuwa, ban da cinikin albasa, ta samu jami'a tun 2006. Maiyama ma gidaje suna ta cin gonaki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da su, don haka ikon keɓe wuri yana nan.

Abin da ya kamata shi ne a shata filin Idi da dandalin yara da hanyar ruwa tun yanzu, a kafa musu iyaka, a dasa dogon yaro, a kuma sanar da hakimai da dagatai. In aka bari gini ya rufe su, sai dai rusau da biyan diyya. Da ma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.