Zaizayar Ƙashi da Iyayenmu Mata

Ya 'yan'uwa, idan tsohuwa ta zame a tsakar gida nan Unguwar Dosa ƙugunta ya karye, sai mu ji ana cewa jifa ne. Alhali cuta ce sananniya: zaizayar ƙashi. Bayan ɗaukewar haila ƙashin mace yakan riƙa raguwa a ɓoye, babu ciwo, sai ranar karaya.

Abin takaici, 'yan matanmu na gaggauto ta da ƙwayoyin sha-ka-fashe irin su deksametason, masu cinye ƙashi. Muna kira ga magidanta da su hana, su wadata iyali da nono, zogale da ƙananan kifi, a kuma riƙa shan hantsi. Karayar ƙugu kuwa ta fi ƙarfin mai ɗori. A garzaya Asibitin Barau Dikko, ko Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.