Daga Saint-Étienne zuwa Akokan

Duk wanda ya saurari ƙwallo a radiyo cikin shekarun 1970 ya san sunan Saint-Étienne, inda Salif Keita ɗan Mali ya yi wasa har aka ba shi kyautar gwarzon Afirka a 1970. Amma tun kafin ƙwallo, gawayin ƙasa ne ya ɗaukaka wannan gari na Faransa. Domin kai gawayin bakin kogin Loire aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta farko a ƙasar, a 1827, kuma dawaki ne suka fara jan taragun.

Inda gawayi yake da araha, nan ƙira ke zaunawa. Maƙeran garin sun shahara da bindiga tun ƙarni na 16. A 1885 aka kafa kamfanin da daga baya aka sani da Manufrance, mai sayar da bindigar farauta da keken hawa da keken ɗinki ta hanyar gidan waya: mutum ya duba littafin haja, ya aika kuɗi, kaya su iske shi. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati na zamanin Turawa ba su manta da wannan littafi ba.

Akwai kuma wata sana'a wadda ba ta da hayaƙi, wato saƙar zirin alharini na ado. Masaƙan a gidajensu suke aiki, maigida da uwargida da ƴaƴa, shi ya sa har yau ake ganin gidaje masu dogayen tagogi, don masaƙar doguwa ce kuma tana son haske. A lokacin, ba su ne ake yi wa kirari ba.

Sai gawayi ya daina biyan kuɗin haƙarsa. Ramin Couriot ya rufe a 1973, rami na ƙarshe a yankin ya bi shi a 1983, Manufrance ya durƙushe sarai a 1985, ma'aikatar bindigogin soja ta rufe a 2001. Garin da ya haura mutum 220.000 a 1968 ya koma wajen 170.000. Couriot ya zama gidan tarihi. Masaƙa fa? Wasu kamfanoninsu sun juya hannu zuwa bandeji da safa da ɗamarar da likitoci ke rubuta wa majinyata, suna nan suna ciniki. A ganina ba sa'a ba ce: arzikinsu yana cikin gwaninta, kuma cinikinsu bai rataya ga mai saye guda ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari yana arewacinmu. Kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar gawayi a Anu Araren kusa da Cirozerin, kuma an gina tasharsa ta lantarki ne musamman domin ma'adinan uraniyum na Arlit. A ƙarshen watan Maris na 2021 Cominak ya rufe raminsa na Akokan. Albashin da ya yanke can ba ma'aikaci kaɗai ya taɓa ba. Ya taɓa mai babbar mota, da tela, da mahauci, da ɗan kasuwar Maraɗi ko Tawa mai aika hatsi bashi.

Ana kuma ta zancen gawayin Salkadamna a jihar Tawa. Ina son jin ta bakin hukuma: a cikin shirin, ina makarantar koyon sana'a, kuma wane kaso na aikin ƙarfe za a bai wa maƙera da masu walda na yankin?